Ranar da Gaisuwar Baba Ta Zama Laifi

Akwai abubuwa da yawa da yaƙin nan ya yi mana waɗanda na roƙi Allah Ya mantar da ni, kuma alhamdu lillahi wasu sun fara dushewa. Amma safiyar da aka shigo har tsakar gida aka tafi da mahaifina saboda ya gai da mutane, wannan ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina. An jima da yin abin, hankula sun ɗan kwanta a wajenmu, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ina jin haushin masu gidan rediyon, ina jin haushin waɗanda suka kafa dokar, wanda kuma ya fi ci mini rai shi ne haushin kaina.

Mu Hausawan bakin kogin Nilu ne, ƙauyenmu yana tsakanin Sinnar da Madani. Kakan Baba ne ya baro ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, hanya ta tsaya da shi a nan, ya kama noma, ya hayayyafa. Dangin da ya baro a yamma ba mu taɓa ganin fuskarsu ba, amma mun san sunayensu, su ma sun san namu. Abin da ya riƙe wannan zumunci kuwa rediyo ne. Akwai wata ƙasa mai nisa, ba tamu ba, ba ta kakanninmu ba, wadda gwamnatinta ke da gidan rediyo mai sashen Hausa, kuma kowace Juma'a da la'asar suna da filin gaishe-gaishe. A garinmu in an yi haihuwa ko rasuwa, ba a cewa an gama sanarwa sai an aika wa wannan fili, don 'yan'uwa na yamma su ji, su yi addu'a. Mai aikawa Baba ne, tun yana saurayi yana noman auduga. Shi kaɗai ya iya rubutun boko a tsaransa, ya koya wajen wani mai niyyar hajji da rashin lafiya ta tsayar a garinmu damina guda.

Gaisuwar tana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ce ta ja mana. Ba a tsallake kowa. Za ka faɗi sunan mutum, da na ubansa, da inda yake, da abin da yake yi, don na yamma su gane wanne ne cikin masu irin sunan. Na taso na tarar da labarin wani mahauci da Baba ya manta da shi sau ɗaya tak. Mutumin nan ya yi shekara ba ya amsa masa sallama, ko a makabarta suka haɗu sai ya kau da kai. Tun daga nan Baba ya sayi littafi ya jera gidajen garin layi-layi, kafin ya aika da gaisuwa sai ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Ni kuwa a Madani nake zaune kafin yaƙi. Shekara takwas ina aiki a ofishin wani lauya, ina buga masa takardu, ina bin sa kotu da jaka. Ba ni da takardar shaidar komai, amma shari'a ta yi ta shiga mini kunne har na fara ɗaukar kaina rabin lauya. In na zo gida hutu mata su riƙa tsokanata, ga muhamiya nan ta iso, wato lauya da Larabci, ni kuma ina wani ɗaga kai. Ranar da harbi ya shigo Madani, muhamiyar nan ta fito da takalmi wari ɗaya da waya a ƙulle a bakin mayafi, ta dawo ɗakin uwarta.

Watanni muka yi babu wutar lantarki, babu layin waya, babu gidan waya balle wasiƙa. Magidanta da samarin gari suka raba kansu suna gadi, wasu a ɗakin injin ban-ruwa da ke bakin kogi, wasu a kan kubri, gadar da ta ƙetare babbar hanyar ruwa. Yawancinsu sanda ce a hannunsu. Ana nan sai wani ɗan kasuwa ya kawo irin farantin nan mai kamo intanet daga sama, yana kafa shi a rumfarsa ranar kasuwa, mutane suna layi. Tun da Baba ya ji, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Dama gidan rediyon ya sha faɗar wata lamba da za a riƙa tura saƙon murya, kuma ya rubuta ta a bangon littafinsa.

"Ɗiyata," ya ce da ni, "mutanenmu na yamma suna jin ana maganar yaƙi, ba su san mai rai ba, ba su san wanda ya bar duniya ba. Mutum bakwai munka rufe tun rani, ba wanda anka yi ma addu'a can. Wanga abu bai yi ba. Ɗauko talahon ɗinki mu tai."

Muka tafi. Muka zauna a inuwar rumfar, ya buɗe littafinsa a kan gwiwa, ya gyara murya kamar mai shirin huɗuba, ni kuma na danna na riƙe masa wayar kusa da baki. Ya fara da limami, ya bi gidaje. Ya gai da waɗanda suka gudo daga Madani suna zaune a makaranta, ya gai da masu jego. Da ya zo kan masu gadi, ya yi yadda ya saba: ya faɗi sunan kowa da na ubansa, ya ce wane da wane suna wajen injin ruwa, wane da wane suna kan kubri, Allah Ya ba su ladar tsaron gari. Har zai wuce zuwa ga matattu, sai na leƙa littafin na ga ya tsallake layi ɗaya. Ɗan maƙwabciyarmu mai sayar da gyaɗa ne, ɗanta tilo, makanike, matarsa na da tsohon ciki. Na yi dariya na ce, Baba ka manta da ɗan mai gyaɗa, shi ma yana wajen inji, kada a sake irin ta mahauci. Shi ma ya yi dariya, ya koma ya faɗe shi. Minti goma sha ɗaya saƙon ya yi, ni na tura shi da yatsana.

Ni ce fa mai shekara takwas a ofishin lauya. Na san ana yaƙi, na san rediyo ba ya zaɓen kunnen da zai shiga. Amma ko a zuciyata ban ji ɗar ba, don tun ina goye nake jin wannan gaisuwa, ban taɓa kallon ta a matsayin labari ba. A wajena kamar kwanon tuwo ce da ake miƙa wa maƙwabci ta kan katanga.

Juma'a ta zo, aka taru a ƙofar gidanmu yadda aka saba, Baba ya ɗora rediyonsa a kan turmi. Aka yi filin gaisuwa aka gama, babu muryarsa. Ya ce wataƙila saƙonni sun yi musu yawa. Washegari da hantsi, ana cikin labarun duniya, sai muka ji mai karantawa ya ambaci sunan ƙauyenmu. Ya ce wani dattijo mazaunin yankin ya tabbatar musu cewa ana tara mayaƙa a bakin kogi da kan gada. Sai ga muryar Baba. Sun yanke bisimillar, sun yanke limami da masu jego, sun yanke addu'ar da ya yi wa masu gadin, sun bar sunaye da wurare kawai. Bai kai minti ɗaya ba.

Baba ya zura wa rediyon ido, ya ce, "To ina sauran? Sun tsallake matattu. Waɗanga mutane ba su da kunya, matattu sunka tsallake!"

Shi abin da ya ƙona masa rai ke nan. Ni kuwa a lokacin ne rabin lauyar ta farka, bayan aikin gama ya gama. Shekara arba'in da wani abu yana ba su muryar garinmu, suna aiko masa da kalanda da katin godiya, suna kiransa amininmu na bakin Nilu. Ranar da gwamnatinsu ta buƙaci wata magana, suka ɗauki gaisuwar tsoho suka sa mata almakashi. Ba su kira shi sun tambaye shi ba, ba su ɓoye sunan gari ba, ba su damu da cewa mai maganar yana zaune a inda harsashi ke iya samunsa ba. Su suna can cikin ɗaki mai sanyi.

Bayan kwana huɗu, rana ta ɗan ɗaga, masu bindiga suka zo a kan babura suka buɗe wa ɗakin injin wuta. Uku suka ji rauni. Ɗan mai gyaɗa ya rasu nan take, da sifana a aljihunsa, don ya tsaya gyaran injin ne bayan an karɓe shi gadi. Ko rediyon ne ya nuna musu wurin, ko dama sun sani, Allah kaɗai Ya sani, ɗakin injin ana hango shi daga ƙetaren kogi. Na sha gaya wa kaina haka, amma bai taɓa sa na ji sauƙi ba.

Washegarin jana'iza, muna karin kumallo, motar jami'an tsaro ta tsaya a ƙofar gida. Babbansu matashi ne mai tsayi, ya shigo ko sallama babu. Da Larabci ya yi magana, ya ce wane ne mai aika wa gidan rediyon da aka haramta rahoto. Baba ya miƙe ya ce, janabu, wato ranka ya daɗe, shi dai gaisuwa ya sani, kuma bai ji an haramta komai ba. Suka shiga ɗakinsa suka fito da rediyon, da littafin gidaje, da akwatin ƙarfen da yake ajiye kayan da gidan rediyon ke aiko masa. Suka zazzage a tsakar gida: kalandu masu tutar waccan ƙasa, katuna, da wata takardar yabo mai hatimi. Jami'in ya ɗaga littafin yana kaɗa shi, ya ce ga sunan kowane namiji a garin nan an jera wa baƙi. Sannan ya dubi Baba sama da ƙasa ya ce, "Ku Fallata, kai ɗan ƙasar nan ne ma kuwa?"

Fallata shi ne sunan da suke kiran mu 'yan asalin yamma da shi. Mutumin da aka haifi ubansa a garin nan, wanda bayansa ya tanƙware wajen noma wa ƙasar nan auduga. Na yunƙura zan yi magana, Inna ta danne mini ƙafa. Suka tambaye shi da wace waya ya tura, ya ce ta wani baƙo ce da ya gamu da shi a kasuwa, bai san sunansa ba. Ban taɓa jin Baba ya yi ƙarya ba sai ranar. Da za su sa shi a mota ya waiwayo, ya ce da ni da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Ki riƙe bakinki, ɗiyata. Ba ki ga komi ba."

Na kuwa riƙe, kwana uku cur, kuma ina jin kunyar faɗar haka. Ina zaune a ɗaki ina jin kukan matar makaniken ta kan katanga, ina jin Inna tana kai da komo. A rana ta uku mutumin da muka ba maganin ciwon sukarin Baba ya kai masa ya dawo da shi, ya ce an hana. Ya kuma ce ya ji ana cewa tuhumar taimakon abokan gaba za a yi masa, wadda kowa ya san inda take ƙarewa. Da asuba na ɗaura mayafi, na ƙulle wayar a bakinsa, na hau amalanken jaki zuwa bakin titi, daga nan na sami babbar mota zuwa garin da mahalliyarmu take, wato ƙaramar hukuma, inda aka kai Baba. Sai bayan azahar na isa.

A jikin bangon ofishin mahalliyar na ga wata takarda. An manna ta tsakanin sanarwar rigakafin dabbobi da hoton wani yaro da ya ɓata, rana ta fara cinye tawadar. Na karanta ta sau uku. Umarni ne a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci: an rufe ofishin gidan rediyon, an janye izinin masu aika masa rahoto, an hana kowa ba shi wani bayani da ya shafi wuraren tsaro. An sa masa wa'adi, an ce wanda bai yarda ba yana iya kai ƙara. An sa hannu kwana shida kafin ranar kasuwar da muka tura saƙo. Layin ƙarshe kuma ya ce a isar da umarnin ga jama'a ta hannun kwamitocin ƙauyuka da masallatai. Wannan layin na haddace.

Mai gabatar da ƙarar da ke riƙe da maganar Baba dattijo ne mai furfura a gefen kai, idanunsa ja wur don gajiya. Na shiga da maganata a baki, na tanadi duk abin da na taɓa ji a kotu game da 'yancin faɗar albarkacin baki, na fara zubawa. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya ɗaga hannu.

"Ya bitti, 'yata, zauna," ya ce. "Jarida daban, bakin gwamnati daban. Wa ke naɗa shugaban gidan rediyon nan? Gwamnatinsu. Wa ke ciyar da shi? Gwamnatinsu. Gwamnatin nan kuwa ta ɗauki ɓangare a yaƙin da ake yi a ƙofar gidanku. In ƙasa tana cikin yaƙi, doka ta ba ta dama ta rufe bakin wata gwamnati a cikin gidanta, muddin an rubuta dalili, an sa iyaka, an bar ƙofar ƙara a buɗe. Ga dalilin, ga iyakar. Ke da kanki kin ji abin da suka yi da muryar mahaifinki. Har yanzu kina son ki gaya mini ba mu da hujja?"

Na so ƙwarai in ce ba su da ita, amma gawar makaniken ta hana ni. Na ce, "Maulana, kuna da hujja, ban musa ba. Da kun rufe su tun bara da na gode muku. Amma layin ƙarshe na takardarku fa? Wa ya kawo ta garinmu? Wane limami aka ba? Kun rubuta da Larabcin ofis, kun manna a bangon da sai an yi tafiyar yini, ga hanya cike da shingaye, mu babu wuta babu waya. Motar da ta san ƙofar gidanmu ranar kamu, ba ta san ta ba ranar sanarwa?"

Ya ce rashin sanin doka ba uzuri ba ne. Na ce haka ne, amma sai dokar da aka sanar, wadda aka ɓoye kuwa tarko ce. Muryata ta tashi har ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya leƙo. Mai gabatar da ƙarar bai yi fushi ba, ya dai murza idonsa.

"Bar maganar haramcin," ya ce. "Wannan mai sauƙi ne, ina iya yafe shi. Babbar tuhumar ita ce ya nuna wa abokan gaba wuraren gadi da gangan. Abin da ke gabana murya ce da ba ta kai minti ɗaya ba, sunaye da wurare, sai littafi mai sunan mazan gari, sai tutocin wata ƙasa. Ya ce gaisuwa ce. To ina sauran gaisuwar? Ya ce wayar baƙo ce, baƙon da ba shi da suna. Duk wanda ya ji wannan ya san ana ɓoye wani. In babu asalin saƙon, gobe zan tura takardunsa gaba, daga nan kuma ya fita hannuna."

Na sunkuyar da kai ina kallon ƙullin da ke bakin mayafina. Ƙaryar da Baba ya yi don ya kare ni, ita ce za ta kai shi inda ba a dawowa. Na kwance ƙullin, na ajiye wayar a kan teburinsa. Ya dube ta, ya dube ni. Ya ce in san abin da nake yi, tsoho yana iya cewa bai sani ba, amma ni ina karanta Larabci, na kuma yi aiki da lauya. Na ce na sani, a kunna.

Aka shigo da Baba. Kwana huɗu kacal, amma rigarsa ta yi masa yawa, leɓɓansa sun bushe. Da ya ga wayar a kan tebur ya watsa mini wani kallo da bai taɓa yi mini ba tun ina yarinya. Mai gabatar da ƙara ya tambaya ko akwai mai jin Hausa a ofishin. Can sai ɗan sandan nan na bakin ƙofa, wani tsoho da ya kusa barin aiki, ya yi gyaran murya ya ce yana ɗan taɓawa, uwarsa Bahaushiyar Damazin ce. Abokan aikinsa suka bi shi da kallo, da alama ranar suka fara sani.

Aka kunna. Bisimilla, limami, gida-gida, masu jego, 'yan gudun hijira na makaranta. Ɗan sandan yana fassarawa, mai gabatar da ƙara yana bin littafin da yatsa, yana ganin layi na bin layi. Aka zo kan masu gadi, da addu'ar da aka yanke. Sai ga muryata tar a cikin ɗakin, ina dariya: Baba ka manta da ɗan mai gyaɗa, shi ma yana wajen inji. Ɗan sandan ya tsaya, bai fassara ba. Mai gabatar da ƙara ya ce me ta ce. Ni na fassara masa da bakina, na kuma gaya masa cewa wannan shi ne wanda aka kashe. Bayan nan sunayen matattu bakwai suka biyo, kowa da ubansa da ranar da aka rufe shi, Baba yana roƙon na yamma su yi musu addu'a.

Ba a sake mu ranar ba. Na kwana biyu a ɗakin da ake tsare mata ana yi mini tambayoyi, Baba kuma aka ba shi maganinsa. A rana ta uku aka sa mu duka biyu muka sa hannu cewa ba za mu ƙara aika wa gidan rediyon komai ba. Suka riƙe wayar, da rediyon, da akwatin ƙarfe. Littafin kaɗai mai gabatar da ƙara ya miƙo wa Baba da hannu biyu, ya ce, ya hajj, a yi haƙuri. Ya ce zai sa a kai umarnin masallacinmu. Ya cika alkawari, bayan mako biyu takardar ta iso, limami ya karanta bayan sallar Juma'a, ni kuma na bi gidaje ina fassara wa mata. Karatun bai kai shan kofin shayi ba. Wannan ɗan aikin ne aka kasa yi, har aka rasa rai, aka wulaƙanta tsoho a gaban iyalinsa.

A hanyar komawa, da muka hango hasumiyar masallacin gari, Baba ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Na ce maki ki yi shiru." Na ce, "Baba, kai ka ce ba a tsallake kowa, ni ma ina cikin maganar." Da amalanken ya yi tsalle a wani rami ya kama hannuna, bai saki ba har gida.

Abin da nake tsoro shi ne haɗuwa da mai gyaɗa. Na shirya wa zagi, na shirya wa tsinuwa, wallahi da ta yi da na fi samun sauƙi. Da la'asar ta shigo, ta rame, ta durƙusa nesa da tabarmar Baba ta yi masa barka da dawowa. Ta gaya masa matar ɗanta ta sauka, namiji, an mayar masa da sunan ubansa.

"Malam," ta ce, "dangin ubanshi na can yamma. Sun ji sunanshi ga rediyo, sun san shina wajen inji, shina da rai. Kai ka hwaɗa musu. To yanzu wa za ya hwaɗa musu ya rasu?"

Littafin yana kan gwiwar Baba, yatsansa a kan layin gidanta. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka rufe ƙanena, sai ranar. Ta jira, ta jira, da ta ga babu amsa ta tashi ta ce Allah Ya huta gajiya, ta fita. Har yau ba ta san cewa Baba ya tsallake ɗanta ba, ni ce na mayar da shi cikin layi. Na sha zuwa ƙofarta da niyyar in faɗa mata, in ƙare da sayen gyaɗa in dawo.

Baba bai ƙara taɓa rediyo ba har Allah Ya karɓi abinsa. Da ya rasu, wa'adin haramcin ya riga ya ƙare, kuma an ce filin gaisuwar yana nan kowace Juma'a kamar ba abin da ya faru. Dattawa suka zo suka ce ai ya kamata in aika, mutumin da ya sanar da mutuwar kowa bai dace tasa ta tafi shiru ba. Na ce ba zan aika ba. Na nemi lambar wani jikan ƙanen kakansa a Sakkwato, na kira shi, na gaya masa baki da baki. Na kuma buɗe littafin na karanto masa sunaye takwas da ake bin mu, na ƙarshensu makanike ɗan mai gyaɗa.

Abin da na koya bai yi mini daɗi ba, amma na koya. Ƙasa tana da haƙƙin ta toshe bakin wata gwamnati a lokacin yaƙi, na ga dalilin da idona, na bi shi har makabarta. Amma dokar da ba a kai ta kunnen mutane da harshen da suke ji ba, masu gidan rediyo ba ta taɓa su, tsoho mai littafi take kamawa. Ni kuma tun daga ranar, kafin in miƙa muryar wani ga kowa, sai na tambayi kaina wa ke da gidan, kuma me zai yi da ita in ya ga dama. Da na yi wannan tambayar a inuwar rumfar nan, maimakon in leƙa littafi ina dariya, da wataƙila yaron da ke wasa a bayan katangarmu ya san fuskar mai sunansa.